Hirar Zaure a Lokacin Marka: Kuka, Giba da Tausayin Mugu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya gidaje su zama wurin natsuwa ga 'yan Adam, Ya kuma sanya abokai su zama masu rage wa juna nauyin zuciya. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, sanannen abu ne a ƙasar Hausa cewa idan watan Agusta ya kama, marka ta zauna, to hirar magidanta takan koma kan abu guda. Wannan ya ce soronsa yana yoyo, azara ta fara ruɓa. Wancan ya ce indararo ya karye, ruwa ya zaizaye yaɓe har tubali ya fito fili. Wani kuwa iska ce ta yaye masa kwano, ga kafinta ya karɓi kuɗin katako ya shiga wasan ɓuya. In an gaji da wannan, sai a gangara kan labarin da aka ji a rediyo ko fim ɗin da aka kalla, har a yi ta musu a kan mugun cikin labarin, wasu suna cewa ai abin tausayi ne. Mutane da yawa suna ɗaukar irin wannan hira tamkar iska, alhali kuwa mala'iku suna rubuta ta kamar yadda suke rubuta kowace magana. Saboda haka ya wajaba a san inda halal ta tsaya a cikinta.

Da farko dai, Musulunci bai hana mutum ya gaya wa amininsa abin da ke damunsa ba. A cikin Suratul Kahfi, aya ta 62, Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya shaida wa yaronsa cewa tafiyar da suka yi ta gajiyar da su. Imam Ƙurɗubi, malamin tafsiri ɗan mazhabar Malikiyya wanda ya rasu a shekara ta 671 bayan Hijira, ya kafa hujja da wannan aya a kan halaccin mutum ya faɗi wahala ko ciwon da yake ji, muddin ba da fushi da hukuncin Allah ya faɗa ba. Haka kuma Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha ta koka da ciwon kai a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kwaɓe ta ba, sai ma ya gaya mata cewa shi ma kansa yana ciwo. To, ashe wanda ya kwana yana tarar ruwa da kwarya bai yi laifi ba don ya gaya wa abokinsa da safe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in bai faɗa ba, ta ina taimako zai zo?

Inda abin yake ɓaci shi ne wurin da ba da labari ya rikiɗe ya zama ƙorafi a kan Ubangiji. Akan ji mutum ya zagi ruwan sama, ko ya ce shi dai kullum a kansa masifa take ƙarewa, alhali ruwan nan da ya jiƙa masa tabarma shi ne ya raya masa gero a gona. Annabi Yakubu ya rasa ɗansa shekara da shekaru har idanunsa suka yi fari don baƙin ciki, amma aya ta 86 ta Suratu Yusufa ta nuna cewa ga Allah kaɗai ya kai ƙarar damuwarsa. Alamar da mutum zai gane kukansa da ita mai sauƙi ce. Idan ya tashi daga hira ya ji zuciyarsa ta yi sanyi, ya sami shawara ko addu'a, to ya yi zumunci. Idan kuwa ya tashi yana ganin Allah bai yi masa adalci ba, to ya ƙara wa kansa hasara a kan hasarar ɗaki.

Shi kuma mai saurare akwai hakki a kansa. Abokin da aka kai wa kuka bai kamata ya mayar da abin gasa ba, watau a ce masa ɗaki ɗaya ya faɗi, ya ce ai shi biyu ne suka faɗi masa bara. Kuma kada ya kwashi sirrin ya kai wata majalisa, domin zama amana ne. Mafi kyau duka ya tashi ya je ya gani da idonsa, tun da zumunta a ƙafa take. Kakanni sun san gayya, inda maƙwabta kan taru su kwaɓa ƙasa, su yi yaɓe, su ɗora jinka a yini guda. A cikin Suratul Kahfi ɗin nan, aya ta 77, Haliru ya tarar da bango yana shirin faɗuwa a garin da mutanensa suka ƙi ba su abinci, shi da Annabi Musa, ya tayar da shi bai karɓi ko anini ba. Daga baya aya ta 82 ta bayyana cewa bangon na wasu marayu biyu ne, akwai dukiyarsu a ƙarƙashinsa, ubansu kuma salihi ne. Ga unguwanni nan cike da katangun zawarawa da na marayu sun karkata, yara suna kwana a gindinsu. Wanda ya kai buhun siminti ɗaya ko ya ba da yininsa guda ya fi wanda ya yi ta cewa “Allah Sarki” har gari ya waye.

Gyaran gida kansa ba abin kunya ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba ne. Nana A'isha ta ba da labari cewa Manzon Allah yakan yi hidimar iyalinsa a gida, yakan gyara takalminsa, ya ɗinke tufarsa da hannunsa. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin Abu Huraira da ya hana maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa, wanda ke nuna cewa Shari'a ta kula har da maganar azara. Amma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah ya wuce Abdullahi ɗan Amru yana gyaran wata bukkarsu da ta lalace, sai ya tunatar da shi cewa ajali ya fi wannan gaggawa. Bai ce ya bar gyaran ba. Ya dai nuna masa cewa mai kula da tsagar bango kada ya manta da tsagar da ke cikin ayyukansa.

Sai maganar magina da kafintoci, wadda a nan ne harsuna suka fi zamewa. Lalle akwai masu sana'a maha'inta, masu rage siminti su ƙara yashi, masu karɓar aiki uku da kuɗin mutum uku a rana ɗaya. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana zaluncin da aka yi masa, kuma Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum yake halatta, cikinsu akwai kai ƙara wurin mai iko da gargaɗin wanda zai faɗa cikin cuta. Saboda haka wanda ya gaya wa alƙali, ko mai unguwa, ko Sarkin Magina, ko abokin da yake shirin ba birkilan aiki, bai yi giba ba. Amma wanda ya mai da sunan bawan Allah abin taɗi kowane dare, yana kwaikwayon tafiyarsa, yana zagin iyayensa, to ya shiga cikin aya ta 12 ta Suratul Hujurati, wadda ta kamanta mai giba da mai cin naman ɗan'uwansa matacce. Kada kuma a manta cewa sau da yawa laifin na mai gida ne. Buhari ya ruwaito cewa Allah da kanSa zai yi husuma ranar Alƙiyama da mutumin da ya sa ɗan ƙwadago aiki, ya kammala masa, shi kuwa ya hana shi ladansa. Maganin yawancin wannan rigima shi ne a yanke lada, a faɗi wa'adi, a rubuta, a kafa shaidu tun kafin a kwaɓa ƙasa.

Yanzu kuma ga batun mugun cikin labari. Tun a tatsuniya yara sukan goyi bayan Gizo ko da yake macuci ne, domin shi ƙarami ne a gaban zaki da giwa. Masu karanta Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, sukan tausaya wa Malam Zurƙe duk lokacin da makirci ya ƙare a kansa. Masu shirya fina-finai na wannan zamani kuwa sukan nuna yadda mugu ya taso, ko maraya ne da kishiyar uwa ta gallaza wa, ko talaka ne da aka wulakanta, har mai kallo ya zubar masa da hawaye. Tausayin mai laifi yana da asali a addini. Buhari ya ruwaito cewa an kawo wani mutum da ya sha giya aka yi masa bulala, wani daga cikin jama'a ya yi masa mummunar addu'a, sai Manzon Allah ya hana, ya ce kada su taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. An tsayar masa da haddi, ba a kuma fitar da shi daga 'yan'uwantaka ba.

Haɗarin yana nan ne inda tausayi ya zama wanke laifi. Babu mugun da ba shi da hujja a bakinsa. 'Yan'uwan Annabi Yusufu sun ce ubansu ya fi son ƙanensu. Iblis ya ce an halicce shi daga wuta, Adamu kuwa daga laka, sa'an nan ya jingina ɓatansa ga Ubangijinsa. Annabi Adamu da Hauwa'u kuwa suka amsa cewa su ne suka zalunci kansu, kamar yadda ya zo a aya ta 23 ta Suratul A'arafi, aka kuwa karɓi tubarsu. Labarin da ya koya wa yaro cewa wanda aka cuta yana da izinin cutar kowa, to karatun Iblis ya biya masa. Wajibi ne iyaye su zauna da 'ya'yansu su rarrabe musu tsakanin fahimtar dalilin laifi da yarda da laifin.

Abin mamaki shi ne, mutumin da ya sami uzuri goma ga mugun da babu shi a duniya, sai ya kasa samun uzuri ɗaya ga kafintan unguwarsu. Dalili kuwa shi ne mai labari ya nuna masa abin da ke bayan mugun, amma shi bai taɓa tambayar abin da ke bayan kafinta ba, ko ɗansa ne a asibiti, ko kuɗin katako ne ya hau bayan an yi ciniki. Kowa in yana ba da labarin kansa shi ne jarumi, abokin rigimarsa shi ne mugu, don haka ne aka ce laifi tudu ne. Manzon Allah ya hori Sayyidina Aliyu da kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin mutum na biyu kamar yadda ya ji ta na farko. Wannan horo ya hau kan masu hira a zaure kamar yadda ya hau kan alƙalai. Wanda aka kai wa kuka ya saurara, ya taimaka, amma ya ajiye hukunci sai ya ji ɗaya ɓangaren.

Allah Ya sa damina ta yi albarka, Ya tsare gidajen Musulmi daga rushewa, Ya tsare harsunansu daga cin naman juna, Ya ba masu sana'a riƙon amana, masu gida kuma cika alkawari. Amin.