Idan Jirgi Yana Tangaɗi a Hanyar Gida

Karatun yau: Ayyukan Manzanni 27:13-44

Akwai 'yan'uwanmu daga Jos, Kafanchan, Gombe da Yola waɗanda abincinsu yake can tsakiyar teku, a rijiyoyin mai da ke gaban gaɓar Neja Delta. Wasu rijiyoyin, kamar na Bonga, nisansu da tudu ya kai kusan kilomita 120. Mutum yakan yi makonni a can yana ƙirga kwanakin komawa wurin iyalinsa. In ranar ta zo, ba kowa ke samun jirgi mai saukar ungulu ba. Wasu jirgin ruwa ne zai kwaso su zuwa tasha irin ta Onne, kusa da Fatakwal. Da damina kuwa, sa'ad da iska ke busowa daga kudu maso yamma, teku ba ya kwanciya. Sai ka ga ƙato wanda ya saba da ɗaga ƙarfe ya yi laushi: jiri, gumi mai sanyi, tashin zuciya, amai har sai cikinsa ya zama fayau.

Likitoci sun san dalilin wannan ciwo. A can cikin kunne akwai wani sashe da ke sanar da ƙwaƙwalwa ko jiki yana tsaye ko yana motsi. Wanda ya shige ɗakin jirgi ya rufe ƙofa, idonsa yana ganin bango da kujera ba su motsa ba, kunnensa kuwa yana jin ana ɗaga shi ana sauke shi. Shaidu biyu sun saɓa, sai jiki ya rikice. Shi ya sa tsofaffin matuƙa ke cewa sabon shiga ya ajiye waya, ya nisanci hayaƙin inji, ya zauna a tsakiyar jirgi inda tangaɗi ya fi sauƙi, ya riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Wasu kan tauna citta, wasu kan sha magani tun kafin a tashi. Babbar shawararsu dai ita ce: fito waje, ka sha iska, ka kafa ido a can nesa inda sama ta haɗu da ruwa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ku lura da abin da wannan shawara take yi. Ba ta tsayar da igiyar ruwa ko ɗaya. Tana sa ido ya yarda da gaskiyar da jiki ya riga ya sani, cewa lallai ana girgiza. Tana kuma ba shi abin da ba ya girgiza domin ya auna kansa da shi.

Da yawa cikinmu muna zaune a ɗakin jirgi a rufe. Bashi ya sha kanmu, aure yana rawa, takardar asibiti tana aljihu, amma ko a gaban Allah bakinmu "lafiya lau" yake faɗi. Muna tsammani bangaskiya ke nan. Zuciya kuwa ta san ba lafiya ba, kuma wannan saɓani tsakanin baki da zuciya yakan gajiyar da mutum fiye da wahalar kanta.

Manzo Bulus bai yi haka ba. Ɗaurarre ne ana kai shi Roma, cikin jirgi mai ɗauke da mutum 276. Tun a tsibirin Karita ya gargaɗe su kada a tashi, ba a saurare shi ba. Guguwa ta kama su, suka zubar da kaya a ruwa, suka jefar da kayan aikin jirgi da hannunsu. Kwana da kwanaki ba rana ba taurari, ga shi a wancan zamani da su matuƙi yake sanin inda ya dosa. Kowa ya fid da rai. A nan Bulus ya miƙe ya faɗa musu abu biyu tare: jirgin zai hallaka, amma ba ran da zai salwanta, gama Allah wanda yake bauta wa ya aiko masa da wannan alkawari. Bai rage musu ɗacin labari na fari ba, bai kuma yi shakkar na biyu ba.

Bangaskiyarsa ba ta tsaya a magana ba. Da matuƙa suka so su sulale cikin ƙaramin kwalekwale, shi ya tona su, aka hana. Da ya ga an yi kwana 14 ba wanda ya ci abin kirki, ya roƙe su su ci. Ya ɗauki gurasa, ya yi wa Allah godiya a idon kowa, ya gutsura ya ci, jirgin kuwa yana ta tangaɗi. Ganin haka sauran suka sami ƙarfin zuciya, su ma suka ci. Daga baya jirgin ya fashe kamar yadda ya faɗa. Masu iya iyo suka yi iyo, sauran suka rungumi katakai, dukansu suka kai gaɓar Malita da rai.

To, da safen nan, kada ka ɓoye wa Ubangiji girgizar da kake ciki. Kira ta da sunanta. Faɗa wa wani amintaccen ɗan'uwa a ikilisiya. Ka ci abinci, ka sha maganinka, ka yi aikin da ke gabanka yau. Mai yiwuwa ka rasa kayan da ka sha wahalar tarawa, kamar yadda mutanen jirgin nan suka rasa. Amma amincin Allah ba ya hawa da sauka tare da ruwa, kuma wanda ya fanshe ka da jinin Yesu Almasihu ba zai bar ka a tsakiyar hanya ba.

Addu'a: Ya Uba na sama, ka san inda nake rawa, ba zan ɓoye maka ba. Ka ɗaga idona daga bangon da na kewaye kaina da shi zuwa ga alkawarinka. Ka kiyaye masu aiki a teku, da masunta a Tafkin Chadi, da masu ƙetare kogin Kwara da Binuwai cikin kwalekwale. Ka kwantar da hankalin matansu da 'ya'yansu da ke jiran dawowarsu, ka kai kowa gida lafiya. Cikin sunan Yesu, Amin.