Ido Ba Mudu Ba, Amma Ya San Kima

Da kai nake, ɗan'uwa mai tuƙa tasi a New York, da ke 'yar'uwa mai kwana kan aikin jinya a Manchester, da duk wanda ke ɗaga kwalaye a rumbun ajiyar kaya tun asuba, albashi ya shigo ranar Juma'a, kafin Talata kuɗin haya da saƙon gida sun cinye shi. Akwai wata kasuwa a ƙasashen da kuke zaune wadda ba ta neman shago, ba ta neman takardar digiri, kuma ba ta rufewa. Kasuwar katunan tarawa ce: na 'yan ƙwallo, na 'yan kwando, na Pokémon. Kwali ne ɗan ƙarami wanda bai cika tafin hannu ba, amma manyan mutane masu furfura suna hana idonsu barci suna taya shi a eBay.

Na san abin da za ka ce: wannan ai wasan yara ne. To, saurara. A watan Agusta na 2022 an sayar da katin ɗan wasan Amurka Mickey Mantle, wanda kamfanin Topps ya buga a 1952, kan dala miliyan 12.6. A wannan shekarar aka sayar da wani katin Pelé na 1958 sama da dala miliyan 1. Katin wani ɗan wasan Amurka, Honus Wagner, kuwa, wanda aka riƙa cusawa cikin kwalin taba sigari tsakanin 1909 da 1911 a matsayin gyara, ya haura dala miliyan 7. Na kawo waɗannan ne don ka daina raina kasuwar, amma kada ka ɗora burinka a kansu. Ba za ka tsinci Mantle a bola ba. Rabonka yana can ƙasa, wajen katin dala 8 da za ka sayar dala 20, kuma wallahi wannan rabon ba abin rainawa ba ne.

Mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. A ce ka sayi kati dala 8, ka sallama shi dala 20. eBay zai cire ladansa, wajen kashi 13 cikin 100 da ɗan ƙari, ka ce dala 3. Leda da ambulan da kuɗin aikawa su ci dala 2. Saura dala 7 a aljihunka. Goma a mako, dala 70 ke nan. A wata 280. Kuɗin makarantar ƙanwarka ne a gida, ko buhunan hatsin da za a sauke wa tsohuwa, ba tare da ka roƙi shugaban aiki ya ƙara maka awanni ba.

Kuma sana'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan 'yan gwanjo lokacin da aka yanke igiyar dila ya ga yadda gwani ke aiki. Mutum goma suna ganin tsummokara, shi kuwa hannunsa ya riga ya kai kan rigar da za ta mayar da kuɗin dilar. Idon nan shi ne jarin gaske a kasuwar kati. Mai saye abu huɗu yake dubawa: kusurwoyin katin ba su lanƙwashe ba, gefensa bai yi fari-fari ba, fuskarsa ba ƙarzuwa, hoton kuma ya zauna a tsakiya bai karkata ba. Kamfanin PSA na Amurka, wanda ke wannan aiki tun 1991, yana auna kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi cikin roba mai tauri. Tsakanin mai 9 da mai 10 farashi kan ninka sau da yawa, alhali bambancin bai wuce ɗan tabon da sai ka karkata katin ƙarƙashin fitila za ka gan shi ba. Haka katunan Pokémon na Turanci da suka fito a 1999: akwai wani ɗan ƙaramin tambari a gefen hagu, ƙasa da hoton, mai nuna bugun farko ne. Wanda bai sani ba zai haɗa shi da sauran ya sayar a kwali guda. Wanda ya sani shi ke sayen kwalin.

Ilimin nan kyauta ne. Ka buɗe eBay, ka rubuta sunan kati, ka zaɓi a nuna maka waɗanda aka riga aka sayar. Kada kuɗin da mai kaya ya yanka ya ruɗe ka. Kowa na iya cewa akuyarsa ta kai kuɗin sa. Abin da aka biya shi ne farashi. Rabin awa kowane dare, maimakon zaman kallon bidiyon da ba ya ƙara ka da komai, cikin wata biyu za ka san kimar katunan fanni guda kamar yadda mahauci ya san nama. Na ce fanni guda. Idan ƙwallon ƙafa ka sani, tsaya a kan ƙwallon ƙafa. Kai da ka san yaron da ke tashe a Barcelona tun kafin jarida ta ambace shi, ka riga Ba'amurken da ke tara katin ƙwallon kwando nisa a wannan layin. Kamfanin Panini na Italiya yana buga hotunan gasar cin kofin duniya tun 1970, kuma duk shekarar gasar kasuwarsu kan motsa.

Ina kayan suke? A Facebook Marketplace, inda uwa ke son rabuwa da kwalin takalmi cike da katunan ɗanta da ya tafi jami'a. A Vinted idan kana Turai, a Mercari idan kana Amurka ko Japan. A kasuwar safiyar Lahadi ta Ingila, inda mutane ke buɗe bayan mota su baza tarkacen gida. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, kai kuwa sammako ba sabon abu ba ne a wurinka.

Abu guda nake roƙonka ka guje wa: sayen fakiti a rufe kana fatan ka ci karo da kati mai tsada. Cinikin biri a sama ne, kuma ƙanen caca ne. Kamfani ya riga ya yi lissafinsa, ba don kai ya yi ba. Sayi abin da idonka ya gani. Ka kuma tuna kasuwa tana hawa tana sauka. Lokacin annobar korona ta haukace, har kantunan Target suka dakatar da sayar da katunan a shagunansu a watan Mayu na 2021 bayan wani faɗa a jihar Wisconsin. Waɗanda suka ci bashi suka saya a wannan zafin, da yawansu suna riƙe da kayan da ba su kai rabin kuɗinsu ba. Katunan 'yan wasan Amurka na ƙarshen shekarun 1980 kuwa an buga su kamar yashi, tsufansu bai sa sun yi daraja ba. Ga jabu kuma, musamman a Pokémon.

In ka zo sayarwa, ɗauki hoto gaba da baya a haske mai kyau. In akwai tabo, faɗa, ka nuna shi. A waɗannan dandali mai saye yana rubuta shaida a kanka bayan kowane ciniki, kuma shaidar nan ita ke kawo na gaba. Mutum ɗari da suka ce kayanka sun iso yadda ka faɗa sun fi maka kowace talla. Saka katin a leda mai laushi, sannan a roba mai tauri, ka aika washegari. Hukumar harajin ƙasar da kake ma kada ka ɓoye mata, takardunka na zama sun fi ribar kati tsada.

Ware dala 50 daga albashin wannan makon, kuɗin da in sun ɓace ba za a kwana da yunwa ba. Sayi littafi ɗan ƙarami, ka ja layi huɗu: abin da na saya, nawa, nawa na sayar, me ya rage. Ranar Asabar, kafin ka fita aiki, duba wa ke sayar da kwalin takalmi a unguwarku, ka tura masa saƙo ka taya.