Lissafin Zumunci Rowa Ne?

Yayana ya taɓa tarar da ni a ƙofar gida a Sokodé, riƙe da biro da takarda, ina rubuta kuɗin mota da na tsaraba, saura wata biyar Babbar Sallah. Ya leƙa takardar ya yi dariya, ya ce, "Wai kai har zuwa gaida mahaifiya sai an yi masa lissafi?" Na ce, "Yaya, rashin lissafin ne ya hana ni zuwa shekara biyu." Bai gamsu ba, ni ma maganarsa ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya.

Mahaifiyarmu tana Zongon Dapaong. Tsakaninmu da ita kusan kilomita 300 ne, a babbar hanyar da ta taso daga Lome, ta ratsa Kara da Mango, ta nufi iyakar Burkina Faso. Mu shida ne a gidana. Wata shekara na ci bashi, na ɗinka wa kowa sabon kaya, na sayi atamfa da turare, na raba kuɗi a unguwa kamar wani attajiri. An yi ta sa mini albarka kwana huɗu. Da muka dawo sai ga buɗe makaranta ya matso, ga masu bashi a ƙofa. Shekara biyu da suka biyo baya ban je ba, don ina jin kunyar in sauka da abin da bai kai na baya ba. Sai in tura kuɗi ta Flooz, in kira waya in ce aiki ya yi yawa.

Ranar da Hajiya ta gaji, ta ce mini, "Ni na ce maka atamfa nake jira? Autarka ta fara tafiya ban gan ta ba." A nan na gane cewa kyautar da nake taƙama da ita rabinta don idon mutane na yi ta, kuma ita ce ta raba tsohuwa da jikokinta.

Masu ra'ayin Yaya suna da hujja. Akwai mutumin da lissafi ya zame masa mafaka: kullum takardarsa tana nuna masa cewa bana ba za a iya ba, alhali bai taɓa rasa kuɗin sauya waya ba. Wannan marowaci ne, ko da ya kira abin tattali. Amma laifin ba na biro ba ne. Abin dubawa shi ne me mutum yake yankewa idan kuɗi ya gaza. Wanda ya rage daga haƙƙin iyaye don ya ƙara wa kansa, ya yi rowa. Wanda ya rage daga fariyarsa don ƙafarsa ta kai gida, ya yi zumunci. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa take, ba su ce a jaka ba.

Kakanninmu fatake da suka bi ta Mango da Sokodé zuwa Salaga neman goro ba su tashi ayari da ka. Madugu yakan san zango nawa ke gaba, da inda za a biya kuɗin fito, da guzurin da zai ishi mutum da jakinsa. Ba wanda ya kira shi marowaci, domin da lissafinsa ayari ke isa ya kuma dawo.

Ga yadda muke yi yanzu. Tun daga Muharram nake ware jaka biyar duk wata, maiɗakina kuma tana zubin adashi da za ta kwasa a Zulƙida. Muna sayen yadin yara tun kafin kasuwa ta tashi. Muna tafiya kwana huɗu ko biyar kafin Sallah, lokacin da tasha ba ta cika ba. Muna dafa guzuri a gida. Tsaraba kuwa doya ce da ake samu da sauƙi a nan yankin tsakiya, a can arewa kuma abin marmari ce. Kuɗin dawowa da na makaranta ina ajiye su dabam, ba na taɓawa ko wa ya roƙa. Kuma tunda Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, nakan sake duba lissafin kowane farkon shekara.

Shekara uku ke nan ba mu fashi ba. Maroƙan unguwa sun daina ambaton sunana, kuma na san akwai masu cewa na tsuke hannu. Bara na ga Hajiya zaune a tabarma, autata tana wasa da carbinta, tana kiran ta da sunan kakarta. Da za mu taho, Yaya ya ja ni gefe ya ce in ara masa takardar nan ya kwafa.