KADA MU ZAMA ISUWA A RANAR ZAƁE



Guguwar siyasa ta sake tasowa. Duk lokacin da ta kaɗa, mukan ga baƙi a ƙofar gida ɗauke da atamfa da sabulu da taliya da 'yan kuɗi a hannu, suna neman abu guda a wurinmu. Saboda haka muna so mu tuna da labarin da ke cikin Littafin Farawa, sura 25. Isuwa ya komo daga jeji a galabaice, ya tarar ƙanensa Yakubu ya dafa fate. Yunwa ta rufe masa ido har ya sayar da matsayinsa na ɗan fari, ya kuma haɗa da rantsuwa. Ya ci, ya ƙoshi, ya tashi. Kashegari yunwa ta dawo, gadon kuwa ya riga ya tafi.

Yunwar Isuwa gaskiya ce, haka ma tamu. Mu mazauna bakin iyaka mun ɗanɗana kuɗarmu sa'ad da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, kasuwanci ya tsaya cik. Tsadar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a 2023 ta ƙara wa talaka nauyi. Ba mu zargin uwar da ta miƙa hannu domin 'ya'yanta su ci. Amma wajibi ne mu faɗi gaskiya: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya sayi ƙuri'armu ya gama biyanmu, ba mu da bakin tambayarsa maganin asibiti ko malamin makaranta har shekara huɗu.

Gadon nan da tsada aka same shi. Ranar 12 ga Yuni 1993 'yan Nijeriya suka fita, Musulmi da Kirista, suka yi zaɓe, sojoji suka soke shi. Cif Moshood Abiola ya rasu a tsare a watan Yuli 1998. A watan Maris na shekarar, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Abuja ya roƙi Janar Sani Abacha ya saki fursunonin siyasa. Sai ranar 29 ga Mayu 1999 mulki ya koma hannun farar hula.

Mu duba kuma maƙwabtanmu na hayin iyaka, mutanen Segbana da muke cin kasuwa tare. A watan Fabrairu 1990 ƙasarsu Benin ta kira babban taron ƙasa a Kwatano, aka ɗora Bishop Isidore de Souza ya shugabance shi. A 1991 Janar Mathieu Kérékou ya tsaya takara, ya sha kaye a hannun Nicéphore Soglo, ya kuma sauka. Ƙuri'ar manoma irinmu ce ta yi wannan aiki.

Kada wani ya ce tasa guda ɗaya ba ta isa kome ba. A Jiharmu ta Kebbi, zaɓen gwamna na watan Maris 2023 bai kammalu ba, sai da aka sake jefa ƙuri'a a wasu rumfuna ranar 15 ga Afrilu kafin a bayyana wanda ya ci.

Ikkilisiya ba ta da jam'iyya, Fada kuma ba zai tsaya a gaban bagade ya nuna muku inda za ku dangwala ba. Lamirinku ne zai yi wannan, a gaban Allah. Abin da muke roƙo shi ne, kowane wanda ya kai shekara 18 ya yi rajista, ya karɓi katinsa, ya adana shi a hannunsa. Ɗan takara in ya zo, mu tambaye shi abin da zai yi game da tsaron ƙauyuka, da taki, da rikicin gona da kiwo, da 'yancin kowa ya yi sujada bisa ga bangaskiyarsa, wanda tsarin mulkin 1999 ya tabbatar. Maigida ya bar matarsa ta zaɓi wanda ta ga ya dace. Samarinmu kuma kada su yarda a ba su ƙwaya da gora domin su tarwatsa rumfa.

'Yancin da muke nema wa kanmu, mu nema wa maƙwabci. In aka hana Bafulatani ko Badande ko Bakyange jefa ƙuri'arsa muka yi shiru, ranar da aka zo kanmu ba za mu sami mai magana ba. Allah ɗaya ne ya halicce mu duka cikin kamanninsa.

Bari Ubangiji ya ba mu abincin yini, ya tsare mu daga sayar da gadon 'ya'yanmu saboda shi. Ya ba ƙasarmu shugabanni masu tsoronsa, ya sa a yi zaɓe lafiya, a gama lafiya. Maryamu, Sarauniyar Salama, ki yi addu'a dominmu. Amin.