Wanda Ya Kunna Wutar

Karatu: Fitowa 22:6

Hunturu ya shigo Katsina. Wanda ya fita bayan ganuwa da almuru, ya kama hanyar Batsari ko ta Jibiya, sau da yawa yakan hangi ja a gindin sama, ba kuwa na faɗuwar rana ba. Daji ne yake ci. In ka tambaya sai a ce maka, "Ai wuta ce ta tashi," sai ka ce ita ta miƙe da ƙafarta. Amma ku yi tunani. Daga Nuwamba har Fabrairu babu hadari, babu aradu. To, wa ya kunna?

Mun san su, gama mu ne. Samari sun fita farauta da karnuka, suka cinna wa ciyawa wuta domin gafiya ko zomo ya fito. Mai cire zuma ya yar da bakin wutarsa a gindin itace. Makiyayi ya ƙone busasshiyar ciyawa yana so sabon toho ya fito wa shanunsa. Mai gawayi ya bar raminsa bai mutu ba. Matafiyi ya jefar da guntun taba. Manomi kuwa ya tara sassabe ya sa wuta da tsakar rana, iska ta juya, shi ke nan. Ba a ƙasarmu kaɗai ba. A Amurka masana sun ƙirga gobarar daji daga 1992 zuwa 2012, suka tarar 84 cikin 100 mutum ne sanadinsu.

Shari'ar da Allah ya ba Musa ta yi magana a kan wannan sarai. Ta kawo misalin wutar da ta kama ƙaya, ta wuce ta cinye dammunan hatsi ko abin da yake tsaye a gona, ta ce biya yana kan wanda ya kunna. Ku lura, ba a tambayi niyyarsa ba. Ba maƙiyi ba ne irin Absalom, wanda ya sa aka ƙone gonar sha'ir ta Yowab da gangan. Mutum ne mai sharar gonarsa kawai. Duk da haka ba a karɓi "ban yi nufi ba" daga bakinsa. Wanda ya san halin wuta, ya san halin iskar hunturu, ya haɗa su, ya kuma juya baya, alhakin yana wuyansa.

Mene ne wutar takan ci? Dammunan gero da dawa waɗanda ba a kai rumbu ba tukuna. Harawa da karan da dabbobi za su ci har bazara. Kalan da gwauruwa take bi tana tsinta, wanda Allah ya umarta a bar wa matalauci. Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani nan take. Ganye da kara su ne abincin ƙasa, in sun ruɓe. Wuta ta cinye su, iska ta kwashe tokar, ƙasa ta zauna tsirara, ruwan farko ya wanke ta. Ƙananan itatuwa kuma sun mutu tun ba su kai gwiwa ba. Wani zai ce toka taki ce. Gaskiya ne, tana da ɗan amfani, amma mafi yawan ƙarfin ya tafi cikin hayaƙi. A kan gafiya guda!

Ku dubi maƙwabtanmu na Maraɗi. Tun daga 1983 wani ma'aikacin mishan mai suna Tony Rinaudo ya fara nuna wa manoma su daina sarewa da ƙone kututturen da yake tohowa a gona, su zaɓi rassa masu ƙarfi su raine su. Sannu a hankali abin ya bazu, har aka kiyasta hekta miliyan 5 a Nijar sun sake samun itatuwa, gawo da kalgo da sauransu. Saiwar tana nan a ƙasa tun dā, hannun mutum ne yake hana ta fitowa.

Gwamnatin Nijeriya ta yi doka a kan ƙona daji a 2011, amma mai bi ba ya jira sai ɗan sanda ya zo. In lalle sai ka ƙone, ka share fili kewaye da tarin, ka jira yamma iska ta kwanta, ka faɗa wa maƙwabcin gonarka, kada ka tafi sai ka taka tokar ka ji ta yi sanyi. Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku inda suka sami naman da suka kawo gida.

Kai kuwa ɗan'uwa, in ka san wutarka ta taɓa cin gonar wani, ko mai bi ne ko Musulmi, aka yi ta cigiya ka yi shiru, Ubangiji ya gani. Ka ɗauki dattijon ikilisiya guda, ku je wurin mutumin, ka faɗi gaskiya, ku auna abin da ya ƙone. In ba ka da hatsin bana, ku sa ranar biya a kaka mai zuwa.