YOGA: INA TA SAMO ASALI, KUMA A HANNUN WA AKE KARƁARTA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wani dattijo daga cikin masu salla tare da mu a nan Madarumfa ya zo mana da tambaya. Ciwon baya ya hana shi ruku'u yadda ya kamata, sai ɗansa ya nuna masa a wayar salula wani motsa jiki da ake kira yoga. Ya gwada kwana goma, ya ji sauƙi, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, domin ya ga mai koyarwar yana haɗa tafukan hannu yana furta kalmomin da ba ya fahimta. Mun ga ya dace mu amsa masa a bainar jama'a, tun da ba shi kaɗai abin ya shafa ba.

Ku sani, Allah ya yi muku rahama, yoga daga ƙasar Indiya ta fito. Sunan daga harshen Sanskirit ne, tushensa kuwa ɗaurewa da haɗawa, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa da karkiya. Littafin da mabiyanta suke ɗauka a matsayin uwa shi ne na wani malaminsu Fatanjali, mai gajerun jimloli kusan 200, wanda ya haura shekara 1500 da rubutawa. Ya kasa hanyar zuwa mataki 8: biyu na farko na ɗabi'u ne, na uku zama, na huɗu sarrafa numfashi, sauran huɗu kuwa janye hankali da tattara shi har mutum ya nutse. Ku lura, motsa gaɓoɓi ba shi ne manufa ba. Manufarsu ita ce rai ya kuɓuta daga sake haihuwa a duniya, aƙidar da ta saɓa wa abin da muka yi imani da shi na mutuwa ɗaya da tashi ɗaya. A littafin nan kuma aka ce sautin nan na "om" suna ne na abin bautarsu.

Malaman Musulunci ba yau suka san da wannan ba. Abu Raihan al-Biruni ya fassara littafin Fatanjali zuwa Larabci tun farkon ƙarni na 11, ya karanta, ya fahimta, ya bayyana, bai kuwa bar addininsa ba. Saboda haka sanin abu daban, bin sa daban.

Yadda ake karɓar ilimin shi ne ya fi jan hankalinmu. A asali ba a ɗaukar yoga daga takarda. Almajiri yakan zauna gaban malami, wanda suke kira guru, shekara da shekaru, yana yi masa hidima, shi kuma ya laƙanta masa kalmar da zai riƙa maimaitawa, ya haɗa shi da salsalar malamansa. Duk wanda ya taɓa zama a zaure ya ɗauki Ahalari da Ishmawi da Risala baki da baki ya san abin da wannan ke nufi: ɗalibi ba karatu kaɗai yake sha ba, har da halin malaminsa da aƙidarsa. Shi ya sa Muhammadu ɗan Sirina, cikin manyan tabi'ai, ya yi gargaɗi da a duba hannun da ake karɓar addini daga gare shi.

Wadda ake gani yau a waya kuwa sabuwar riga ce. A 1893 Biwekananda ya yi jawabi a birnin Shikago na Amurka, ya buɗe wa Turawa ƙofar. Daga shekarun 1930 Kirishnamacariya ya koyar a fadar sarkin Maisur, ya ba motsa jiki ƙarfi ƙwarai, almajiransa irin su Ayengar suka kai ta Turai da Amurka. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata ranar 21 ga Yuni. Hukumomin ƙasashen Musulmi sun saɓa a kanta: majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi ita a 2008, majalisar malaman Indunusiya a 2009 ta hana wadda ta haɗa da kalmomin bauta ta kuma ƙyale ta wasa zalla, Saudiyya kuwa ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017.

Abin da muke gani, Allah ne Mafi sani, shi ne a rarrabe. Miƙe baya, lanƙwasa gwiwa, da jan numfashi a hankali, ba mallakar wata al'umma ba ne, kuma asalin al'amuran duniya halacci ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Wanda likita ya nuna wa motsi saboda ciwo, ya yi, babu laifi.

Amma akwai wani jeri mai siffa 12 da suke kira gaisuwar rana, a cikinsa har da kai goshi da ƙirji ƙasa, asalinsa kuma ana yin sa ne ana fuskantar rana da hudowarta ana ambaton sunayenta. Wannan mu nisance shi. Allah ya hana sujada ga rana da wata a cikin suratu Fussilat, aya ta 37. A nan ƙasarmu abin ya fi haɗari, domin alƙiblarmu gabas take. Wanda ya tsaya bakin tabki da sassafe ya fuskanci gabas ya kai goshi ƙasa, me yaron da ke kallonsa zai ɗauka? Ko nafila, wadda don Allah ake yin ta, an hana ta a daidai wannan lokaci, ballantana abin da aka aro daga masu bautar rana.

Kuma kada wani ya ce salla ita ce yogar Musulmi, kamar yadda muke jin wasu ƴan boko na faɗi da kyakkyawar niyya. Salla bauta ce. Natsuwa da daidaituwa a cikinta farillai ne a mazhabar Imamu Malik, ba don lafiyar ƙashin baya aka wajabta su ba.

Dattijon nan mun ce masa ya je gidan likita a duba bayan nasa, ya zaɓi motsin da aka yarje masa, ya kashe sautin wayar, ya bar haɗa tafukan hannu, ya yi abinsa cikin ɗaki bayan rana ta ɗaga. Ruku'un da ya gagare shi kuwa, ya yi gwargwadon ikonsa, sallarsa ta inganta.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.