Kazar Ado da Batun Canza Halittar Allah

Kiwon kajin ado sana'a ce ta zaɓen zakara da kazar da za a haɗa, tsara bayan tsara, har a samu tsuntsu mai launi da ƙira irin waɗanda aka rubuta a littafin ƙa'ida. Mai wannan kiwo bai damu da nama ko ƙwai ba. Burinsa alƙalin gasa ya ɗauki kazar a hannu, ya buɗe fiffikenta, ya duba zanko da ƙafafu, ya ce ta cika. A Ingila abin ya samu tsari a ƙarni na 19: an yi baje kolin kaji a gidan namun daji na Landan a 1845, littafin ƙa'idar kajin Birtaniya ya fito a 1865, na Amurka kuma a 1874.

Irin da ake kira Sebright ya girmi waɗannan littattafai. Sir John Sebright, ɗan majalisa mai wakiltar Hertfordshire wanda ya rasu a 1846, shi ya samar da shi a farkon ƙarnin bayan shekaru masu yawa yana haɗa kaji iri-iri. 'Yar ƙaramar kaza ce, zakaranta da ƙyar yake wuce giram 600. Manyan launukanta biyu ne, ruwan zinariya ko farin azurfa, kuma kowane gashi a jikinta an zagaye bakinsa da siririn baƙi kamar an bi shi da alƙalami da tawada. Domin wannan zane ya game jiki duka, sai da aka samu zakara mai gashin mace, wanda ba shi da dogayen gasun jela masu lanƙwasa ko tsinin gashin wuya. Charles Darwin ya ambaci Sebright cikin masu kiwon da ya koyi ƙarfin zaɓe daga aikinsu.

Kyan nan yana da farashi. Kazar ba ta yawan yin ƙwai, ƙwan da yawa ba ya ɗaukar ɗa, 'yan tsakin kuma suna mutuwa da sauƙi. 

Ga mai imani, tambayar farko ita ce ko wannan aiki canza halittar Allah ne. Aya ta 119 cikin Suratun Nisa'i ta lissafa tsaga kunnuwan dabbobi da canza halitta cikin abubuwan da Shaiɗan ya yi alkawarin umartar mutane da su. Malaman tafsiri sun saɓa kan abin da canzawar take nufi. An ruwaito daga wasu magabata cewa dandaƙar dabbobi ce, wasu suka ce zanen jiki ne, wasu suka ce sauya addinin da aka halicci mutum a kansa ne, kuma wannan na ƙarshe Imamu Ɗabari ya rinjayar. Ko a fassarar da ta fi tsanani, maganar tana kan wuƙa da aka sa wa jikin da ya riga ya wanzu. Mai zaɓen iri bai yanka komai ba. Bai ƙirƙiri baƙin da ke bakin gashi ba, ya tarar da shi ne a cikin kaji, ya ware masu shi, ya hana su cuɗanya da sauran. Manomin da ke ajiye zangarniyar da ta fi cika domin irin baɗi, da makiyayin da ke zaɓar bijimin garke, wannan aikin suke yi tun kafin a san ƙwayoyin gado.

Neman kyau ma ba laifi ba ne a kansa. Farkon Suratun Nahli ya ambaci ƙawar da ke cikin dabbobin ni'ima lokacin fita kiwo da dawowa, ya kuma ambaci dawaki da alfadarai da jakai a matsayin abin hawa da ado. Shigar alfadari cikin jerin abin lura ne, domin shi ɗan jaki ne da goɗiya. Akwai hadisin da ya nuna rashin son a haɗa jaki da goɗiya, amma Annabi (SAW) ya hau alfadara, malamai da dama kuma suka fahimci hadisin a kan gudun ƙarancin dawaki. Labarin ƙaramin yaro Abu Umair da ɗan tsuntsunsa shi ne hujjar da aka saba kawowa kan halaccin ajiye tsuntsu don jin daɗi. A ɓangaren Yahudu da Kirista, littafin Farawa sura ta 30 ya kawo Yakubu yana kiwon awaki da tumaki masu dabbare-dabbare a garken Laban, wato kiwo don launi, yayin da Littafin Firistoci ya hana haɗa dabbobi mabambantan jinsi. Kaza da kaza jinsi ɗaya ne, don haka hanin bai shafe su ba.

Inda maganar take da nauyi shi ne abin da tsuntsun ke ɗauka. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ɗaliban ilimi a ƙasar Hausa suka sani sarai, ta halatta dandaƙar tumaki saboda gyaran nama, ta kuma kawo hani kan dandaƙar dawaki. Ma'aunin da ke ƙarƙashin wannan rarrabewa shi ne a auna cutar da amfanin. Idan amfanin abinci ne, ana iya jure ɗan ciwo. Idan amfanin lambar yabo ce da ƙyalle a jikin keji, da wuya a ce ya kai.

Misalai sun bambanta ƙwarai. A wasu irin kajin da asalinsu na faɗan zakaru ne, an daɗe ana yanke wa zakara zanko da fatar ƙarƙashin baki kafin a kai shi gasa, al'adar da ta rage daga zamanin faɗan da dokar Ingila ta haramta a 1835. Wannan yanka ne ba tare da larura ba, ya kuma yi kama da tsaga kunnen da ayar ta ambata fiye da kowane abu a wannan sana'a. Zakaran Onagadori na Kochi a Japan jelarsa tana kai mita da yawa, kuma don kada ta karye akan ajiye shi a dogon akwati matsattse, a fito da shi yawo wani na riƙe da jelar. Kazar Chabo, ita ma ta Japan, durguwa ce, ƙa'ida kuma tana son ƙafar ta zama gajera sosai. Ƙwayar gadon da ke gajarta ƙafar tana kashe ɗan da ya gaje ta daga uwa da uba duka. Idan aka haɗa durgu da durguwa, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwai yana mutuwa a cikin ɓawo, biyu su fito gajeru, ɗaya dogo. Idan aka haɗa durgu da mai doguwar ƙafa, rabi suna fitowa gajeru, babu wanda wannan ƙwaya ta kashe. Adadin gajerun ɗaya ne a hanyoyin biyu. Ana iya cewa ɗan da ya mutu a kwanakin farko cikin ƙwai bai ji komai ba, kuma akwai gaskiya a haka, amma asarar da za a iya kauce wa kyauta ba ta da uzuri mai ƙarfi.

Akwai kuma tambayar falsafa game da ita kanta ƙa'idar. Littafin Amurka sunansa yana nufin ma'aunin kamala, alhali kazar da ya siffanta ba a taɓa ƙyanƙyashe ta ba. Wannan ya yi kusa da ra'ayin masanin falsafa Aflatun cewa kowane abu a duniya kwaikwayo ne mai naƙasu na wata cikakkiyar sura. Bambancin shi ne surar Aflatun ba mutum ya yi ta ba, ita kuwa wannan kwamiti ne ya zauna ya rubuta, kwamiti kuma yana iya gogewa. Kazar Andalus mai launin shuɗi-toka ta nuna iyakar lamarin: duk lokacin da aka haɗa shuɗi da shuɗiya, rabin 'ya'yan ne kawai ke fitowa shuɗɗa, sauran baƙaƙe ne ko farare masu ɗigo. Lafiyarsu ƙalau, littafi ne kaɗai ya kira su aibi. Abin da mai kiwo ya yi da su, ya sayar, ya yanka ya ci, ko ya kashe ya yar, shi ne wurin da fiƙihu ke da hukunci bayyananne, domin an hana kashe ko da ɗan tsuntsu ne don wasa.

Masu wannan kiwo suna da hujja mai ƙarfi guda. Gonakin zamani sun dogara da tsirarun iri na kamfanoni, kuma tsofaffin iri da yawa suna raye a yau ne kawai saboda masu sha'awa sun ci gaba da ciyar da su daga aljihunsu. Ƙungiyar kare irin dabbobin da suka yi ƙaranci a Birtaniya, wadda aka kafa a 1973, da irin waɗannan mutane take aiki. Wasu ƙasashe kuma sun sa iyaka da doka. A Jamus, sashe na 11b na dokar kare dabbobi ya hana haɗa dabbobin da ake sa ran 'ya'yansu za su gaji ciwo ko naƙasa, kuma muhawara kan kaji da agwagin da ya kamata hanin ya shafa tana ci gaba tsakanin likitocin dabbobi da ƙungiyoyin masu kiwo.